Yadda Na Yaye Autata Ba Tare Da Ta Bar Gida Ba

Ranar da maganar yaye ta taso, muna zaune tsakar gida ni da uwar mijina. Ta zo daga Mirriya, ta kawo mana sabuwar gyaɗa da ɗan wake a bakin buhu. Yarinyar tana kan cinyata tana shan nono, hannu ɗaya yana jan ɗan kunnena, ƙafa tana shure-shure. Inna ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Wannan kishiyar tawa har yanzu ba a cire ta ba? Haƙora cike da baki, tana kiran sunan kowa a gidan nan." Na ce watanta ashirin da ɗaya. Ta ce ai har ta zarce, su a gidansu mace ba ta wuce wata goma sha tara. "Ki haɗa mini kayanta, jibi in zan koma in tafi da ita. Kwana goma sha huɗu ta manta."

Ban ce a'a ba. Ba a yi wa uwar miji musu a tsakar gida, gaban jikokinta. Na sunkuyar da kai na ce, "To Inna, bari babansu ya dawo." Amma gabana ya riga ya faɗi, don na san abin da tafiyar nan take nufi.

Yarana huɗu. Ƴar farin tana da shekara takwas, tana lakwal, wato makarantar boko. Mai bi mata namiji ne mai shekara shida, sai ƙanensa mai huɗu, sai wannan autar. Ba na fita aiki, ba ni da mai aiki, gidan nan da abin da ke cikinsa a hannuna suke tun daga kiran assalatu har a rufe ƙofar zaure. Dukkan manyan uku an yaye su yadda aka saba: rana ɗaya a ɗauke yaro a kai shi wurin kaka, sai ya manta a dawo da shi. Biyu sun wuce lafiya. Na biyun ne bai wuce lafiya ba, kuma shi ya sauya mini tunani.

Yana da wata goma sha uku ciki ya shige ni. Da mata suka gane, kowa bakinsa ɗaya: kwanika ce, a cire shi maza kafin ya sha ciki. Ni ma na yarda, don abin da na tashi ina ji ke nan. Aka ɗauke shi a tsakiyar damina, cikin watan Agusta, yaron da bai san wani abinci ba in ban da koko tsararo da yake kurɓa sau biyu ya ture. Bayan kwana goma sha shida aka maido mini shi. Idanu sun faɗa, wuya ya yi tsawo, zawo ba ya tsayawa, tsayuwar da ya fara yi yana dafa bango ya daina. A likita suka ɗaura masa ɗan zaren awon nan mai launi uku a dantse. Malamar ta nuna mini: daga santimita 12.5 zuwa sama kore ne, ƙasa da 11.5 ja ne, shi kuwa yana tsakani, a kan ruwan ɗorawa, yana gangarawa. Ta ce mini ba nonon ciki ne ya yi masa haka ba, mace mai ciki lafiyayye tana iya ci gaba da shayarwa. Abin da ya kayar da shi shi ne an raba shi da abincin da ya sani tun bai koyi wani ba, ga zawo, ga zazzaɓin damina. Sai da muka yi wata uku muna jigilar likita kafin ya dawo hayyacinsa. Ban taɓa ɗora wa Inna laifi ba. Ta fi ni kuka a lokacin, kuma abin da aka yi mata da nata ƴaƴan shi ta yi. Amma na ɗaukar wa kaina alkawari tun a ranar.

Da daddare, bayan yara sun yi barci, na sami maigida. Tela ne, shagonsa yana kusa da Kasuwar Dole, yakan dawo a gajiye, ba ya son doguwar magana. Na ce masa ba yayen nake ƙi ba, ni ma na gaji. Na tuna masa ayar nan ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ce uwaye su shayar da ƴaƴansu shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, kuma a cikinta aka ce in iyayen biyu sun so yaye bisa yarda da shawara a tsakaninsu babu laifi. Na ce, "To ga shawarar na kawo. A ba ni wata biyu in koya mata cin abinci. Ranar yayen kuma kada a kai ta ko'ina, Inna ta zo nan ta yaye ta da hannunta, a yi duk abin da aka saba yi." Ya yi shiru, ya ce, "Kin tuna da na yaron nan ne." Na ce ban taɓa mantawa ba. Da safe shi ya yi wa mahaifiyarsa magana a zaure. Ban ji abin da suka ce ba. Ta dai fito ta ce mini, "Ƴar nan, ku ƴan zamani kun fi mu sanin likita. Zan zo. Amma kada ki kai ni bazara."

A nan kam ra'ayinmu ɗaya. Duk wanda ya zauna Damagaram ya san ba a wasa da bazara. Garin a kan dutse yake, ruwa daga nesa ake jawo shi, kuma daga Maris zuwa Mayu famfon unguwarmu sai ya yi kwanaki bai ɗiga ba. In ya zo ma tsakar dare yake zuwa, ki tashi ki jera bido kina gyangyaɗi. Sauran kwanaki sai ƴan garuwa, ruwan da ba ki san inda aka ɗebo shi ba, ga tsada. Yaron da aka cire daga nono a irin wannan lokaci duk abin da ya samu sha zai yi. Damina kuma ta sauro ce. Shi ya sa daga Yuli zuwa Oktoba ma'aikatan lafiya suke bi gida-gida kowane wata suna ba yara daga wata uku zuwa shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓi. Lokacin da ya rage shi ne bayan kaka, hatsi ya yi sauƙi, wake da gyaɗa sababbi, gari ya yi sanyi. Ga azumi zai kama cikin Fabrairu, ina so in shige shi ba shayarwa, don akwai ramuwa a kaina tun ta bara. Muna cikin Nuwamba. Muka tsayar da Janairu.

Abin da na fara yi, na ɗauki takardar awonta na tafi likitar unguwarmu. Tun 2006 aka ce duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a Nijar, kuma awo dai ban taɓa biyan ko dala ba, sai dai wani lokaci a rubuta miki magani ki je ki saya. Aka auna ta, zare ya tsaya a kore. Na gaya wa malamar niyyata. Ta ji daɗi har ta ajiye biro ta juyo ta fuskance ni. Ta ce in riƙa cire shan nono ɗaya-ɗaya, in bar kwanaki a tsakani, in fara da wanda yarinyar ba ta damu da shi ba, na dare ya zama na ƙarshe. Ta ce mai irin shekarunta tana bukatar abinci sau uku zuwa huɗu a yini, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Sai ta tambaye ni, "A kwano ɗaya take ci da yayyenta?" Na ce e. Ta ce, "To ke kin san nawa take ci?"

Ban sani ba. Da na dawo gida na zauna na kalle su da rana. Na ajiye musu shinkafa da wake a faranti ɗaya kamar kullum. Mazan nan biyu hannu baka hannu ƙwarya, ƴar farin tana yi musu tsawa su rage sauri, ita kuwa autar ta ɗauki loma ɗaya tana jujjuya ta, ta tsinci ƙwayar wake tana nuna wa kaza. Kafin ta kai loma ta uku faranti ya koma fes. Ta taso ta zo ta ɗaga mini riga. Ashe duk watannin nan da nake cewa ai tana cin abinci, nono ne yake riƙe da ita. Washegari na ba maigida saƙo ya sayo mata ƙaramin kwano mai murfi da cokali a Dole. Ja ya sayo. Har yau ba wanda ya isa ya taɓa shi.

Sai garin kunu. Wannan na ba shi yini guda cur. Na auna hatsi gwangwani uku, wake ɗaya, gyaɗa ɗaya. Hatsin na surfa na wanke na rege tsakuwa, na shanya a tabarma, na sa mai shekara shidan ya zauna da kara yana korar kaji. Gyaɗar na zauna na tsince ta ɗaya-ɗaya, duk wadda ta yanƙwane ko ta yi baƙi ko ta nuna alamar fumfuna na jefar, don ita ce mai ɗaci kuma ita ce mai cutarwa. Na soya kowanne daban a kasko, wuta kaɗan-kaɗan, ina juyawa da ludayi har ƙamshi ya tashi, launi ya ɗan sauya, ban bari ya ƙone ba. Waken na ɓarza shi a turmi na sheƙe ɓawon, gyaɗar na murje ta a faifai na hure. Da na haɗa su na ɗauka da kaina zuwa wurin inji, ban aiki yaro ba, saboda abu ɗaya: in wadda ta riga ki yaji ta niƙa, to kunun ɗanki ya tashi aiki. Na tsaya sai da mai injin ya zuba ɗan dusa ya wanke bakin injin sannan na miƙa nawa. Ban yi da yawa ba, na sati biyu kawai, don gari mai gyaɗa in ya daɗe yakan sauya wari.

Damun ma da nasa sharaɗi. Mu mun saba da kunu mai ruwa wanda yaro zai kwankwaɗa a kofi, cikinsa ya yi tim, bayan ɗan lokaci ya fitsarar. Malamar ta ce ya yi kauri yadda in na karkata cokali ba zai zube da sauri ba. Na riƙa sa ɗan mai cokali guda, sukari kaɗan, wani lokaci garin busasshen zogale ɗan tsunkule.

Ranar farko ta karɓa ta furzo mini shi a fuska. Ta biyu ta rufe baki gam ta juya kai. Na yi kwana bakwai ina damawa yayyenta suna shanyewa. Akwai ranar da raina ya ɓaci har na kama haɓarta zan yi mata ɗura, irin yadda aka yi mana, sai na tuna an hana, yaro yana iya shaƙewa kunu ya bi masa ta hanyar numfashi. Na sake ta, na tashi na shiga madafa na tsaya har zuciyata ta sauka. Wanda ya warware mini matsalar shi ne mai shekara huɗun, ba da saninsa ba. Ya zo ya buɗe baki ya ce in ba shi, na ɗebo daga jan kwanon na sa masa. Sai ta ƙwalla ƙara, "Nawa! Nawa!" ta rarumo kwanon da hannu biyu. Cokali shida ta sha a ranar, tana hararar sa. Tun daga nan kullum sai na zaunar da shi kusa da ita.

Abin da ban zata ba shi ne yadda yayen zai taɓa aikin gidana. Sai da na fara cirewa na gane nonon nan shi ne mai rainon da nake da shi. Ina cikin wanki ta fara rigima, in ɗauraye hannu in ba ta na ɗan lokaci, ta yi shiru in koma. Tuwo yana kan wuta ta faɗi ta fasa kuka, in sa ta a ƙirji da hannu ɗaya ina tuƙi da ɗayan. Baƙuwa ta zo muna magana, nono. Ina so ta yi barcin rana in samu in tsefe wa yayarta kai, nono. Da na cire na hantsi, sai ga ni da yarinya mai kuka, da tulin wanki, da ruwan da ba zan iya ɓarnatarwa ba, da yara biyu da za su dawo lakwal da yunwa. Satin farko abincin rana bai taɓa sauka a kan lokaci ba. Akwai ranar da miya ta kama ƙasan tukunya, maigida ya ci bai ce komai ba, ni kuwa na kasa ci.

Dabarun da suka taimake ni ƙanana ne. Akwai tabarmar da nake shimfiɗawa ƙarƙashin dogon yaro, nan muka saba zama da hantsi in ba ta. Na naɗe ta na jingine a ɗaki, na daina zama a wurin sam, don da ta ga na zauna take tahowa. Na riƙa riga ta: kafin lokacin ya yi na ba ta kunu ta ƙoshi, sannan in goya ta in kama aiki. Goyo ya dawo sabo, yarinya mai nauyi, bayana ya gaya mini. In na zauna tsintar shinkafa sai in ba ta nata faifan da ɗan tsaba ta yi ta watsawa. Ƴar farin kuma, Allah ya yi mata albarka, in ta dawo takan ɗauke ta su je zaure ta yi mata wasan ƴar tsana har in sauke tukunya. Ina lura kada in ɗora mata fiye da ƙarfinta, ita ma yarinya ce, ga karatun allo da yamma.

Bayan kwana goma na cire na la'asar. A madadinsa na riƙa ba ta abin da ya samu: dafaffen dankali, ɓarin ayaba, fura da nono mai kyau da na dama da tafasasshen ruwa, wani lokaci ƙwai. Ƙwan ya jawo magana. Maƙwabciyata ta leƙo ta gan ta da gwaiduwa a hannu ta ce, "Ke, ba a ba yaro ƙwai, sata yake sa shi." Na ce mata kajin nawa ne, ƙwan nawa ne, kuma a likita cewa suka yi in ba ta. Ta ce to Allah ya kyauta. Ba mu ɓata ba, amma ban fasa ba.

A tsakiyar Disamba hunturu ya sauko da ƙura, garin ya yi fari fat, yaran duka suka kama mura. Ita ta fi jin jiki: tari, zazzaɓi, hanci a toshe. Na kai ta aka ɗiga jinin yatsa, ba zazzaɓin sauro ba ne. Amma ta rufe baki, ko jan kwanon ba ta son gani. A nan na ajiye duk lissafina na maida ta nono dare da rana. Matan gidanmu suka ce na ɓata aikin wata guda, wata ma ta ce nonon da ya yini ba a sha ba ya lalace, zai sa ta zawo. Na riga na tambaya, an ce mini nono ba ya lalacewa a jikin uwa. Kwana biyar shi kaɗai take karɓa, da ɗan ruwa. Ina kallonta tana sha tana numfashi da kyar, ina tunanin da yanzu tana Mirriya an riga an yanke, me za ta sha? Da ta warware na koma kan hanya, kuma ba daga farko ba. Cikin kwana huɗu muka dawo inda muka tsaya. Sati biyu dai ya ƙaru a kan lokacin da muka sa. Na sa maigida ya kira Inna ya gaya mata. Ta ce, "Ba komai, lafiyarta ce gaba."

Farkon Janairu saura biyu: na kwanciya barci da na tsakar dare. Na kwanciyar babanta ya karɓa. In ya dawo ya ci tuwo sai ya saɓa ta a kafaɗa, ya lulluɓe ta da bargo, ya yi ta zagaya tsakar gida yana karanta mata ƙananan surori har ta yi laushi. Mutumin da bai taɓa sa yaro barci ba a ƴaƴa uku. Daren farko ya fi awa yana zagaye. Na tanadi ƙullin gishirin zawo guda biyu da ƙwayoyin zinki na ajiye a saman kwaba, ko da za a bukata. Ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, abin da ya kwana ya yini a zubar, zinkin kuma kwana goma ko zawon ya tsaya. Wannan karatun a kan ɗana na biyu na koye shi. Allah ya sa ba a buɗe su ba.

Inna ta iso ranar Alhamis da yamma, kabu-kabu ya sauke ta a ƙofar gida da kaza a hannu da ƙullin kaya a ka. Da safiyar Juma'a na ba yarinyar nono na ƙarshe. Ban gaya wa kowa cewa na ƙarshe ne ba, kowa ya sani. Na shiga ɗaki na saki labule, na bar ta ta sha har ta saki da kanta, ta ɗago ta yi mini dariya da nono a gefen baki. Da na fito Inna ta karɓe ta, ta yi bisimilla, ta ɓare dabinon da malaminsu ya yi wa addu'a ta sa mata a baki, ta zuba rubutu kaɗan a kununta. Aka yanka kazar, aka ba ta cinya ta riƙe. Na soya waina aka raba wa yaran unguwa sadaka. Sai Inna ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan ƙulli, garin maɗaci, ta ce in shafa a kan nono, in ta taɓa sau ɗaya ba za ta ƙara nema ba. Na ce, "Inna, a yi mini haƙuri da wannan. Ba na so abin da za ta tuna da shi ya zama ɗaci." Ta dube ni, ta ajiye ƙullin a kan taga ta ce, "Ga shi nan. In dare ya yi tsawo kya neme shi."

Daren ya yi tsawo. A ɗakin yara suka kwana ita da Inna. Wajen ƙarfe ɗaya na ji ta farka. Da farko ƙananan kuka, sannan ta buɗe murya tana kiran "mama, mama," wanda a bakinta ni ce kuma nonon ne. Na tashi zaune. Maigida ya ce in bari tukuna. Na kasa, na fito na tsaya a bakin ƙofarsu cikin sanyin nan na Janairu, ba takalmi, gaban rigata ya jiƙe sharkaf. Ina jin Inna tana jijjiga ta tana yi mata waƙa ƙasa-ƙasa, ina jin mai shekara huɗun ya farka shi ma ya kama nasa kukan. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Sai labule ya ɗaga, Inna ta ce, "Tun ɗazu nake ganin ƙafafunki. Shigo ki riƙe ta. Amma rigarki ta zauna a rufe."

Na sa riga mai ƙaramin wuya tun da yamma saboda haka. Ta maƙale ni tana jan wuyan rigar, tana tura kai, tana dukan ƙirjina da hannu. Na ce mata mama ya ƙare, ga kofi. Ta buge kofin ya zube a tabarma. Na rungume ta na yi ta shafa bayanta, ina kuka tana kuka, Inna tana zaune a gefe tana jan carbi ba ta ce uffan ba. Idona ya kai kan tagar nan sau biyu. Can wajen kiran assalatu ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, ta karɓi ruwa ta kurɓa, ta yi barci a ƙirjina da yatsunta a cikin wuyan rigar.

Gari ya waye, aiki bai san an yi yaye ba. Na hura wuta, na dama koko, na yi wa yara wanka da ruwan ɗumi, idona kamar an zuba yashi. Amfanin zuwan Inna a nan na gan shi: ta karɓi tsintsiya, ta karɓi tsinkar zogale, ta ce in je in kwanta in yarinyar ta kwanta. Dare na biyu kukan bai kai rabin na farko ba. Na uku ta farka ta ce "ruwa," ta sha ta koma.

Ni kuma jikina ya ɗauki nasa kwanakin. Rana ta biyu nonon ya cika ya yi tauri har hammata, ɗaga hannu in ɗauko tukunya sai na cije leɓe. Inna ta so a ɗaure mini ƙirji da zane tamau kamar yadda aka yi mini a baya. Na gaya mata abin da malamar ta ce: in tatse kaɗan, daidai yadda zafin zai sauka, kada in tatse duka don sai ya ƙara kawowa, in ɗora tsumma mai sanyi, in kuma na ji zazzaɓi ko wuri ɗaya ya yi ja ya yi zafi in je likita ba jira. Na riƙa jiƙa tsumma a ruwan randa ina ɗorawa. Kunun kanwa da na saba sha na ajiye. A rana ta shida ya saki. A yayen ɗana na biyu, da aka yanke rana ɗaya, sai da na kwanta kwana uku da masassara; wannan karon ko kusa.

Abin da ba a faɗa wa mace shi ne kewar da za ta ji. Shekara tara ke nan ko ina da ciki ko ina shayarwa, in ban da ƴan watanni a tsakani. Na zaci ranar da na huta zan ji sakayau. Sai na sami kaina da la'asar ina wanke-wanke hawaye na zuba ba dalili, alhali yarinyar tana gabana tana wasa da murfin tukunya. Inna ta gan ni. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta ɗauki kwano tana ɗaurayewa. Can ta ce, "Lokacin da aka yaye mijinki, wata guda aka kai shi ƙauyen kakarsa. A kwana na biyar na ce zan je itace. Na taka har can da ƙafa, na tsaya bayan danga ina leƙensa yana zaune a ƙasa da ƙwarya. Ban bari ya gan ni ba. Na juyo ina kuka har gida, na manta ban yi itacen ba." Ta ce ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har shi. Muka ƙarasa wanke-wanken ba wanda ya ƙara magana.

Kwananta tara ta koma. Da za ta tafi ta ce in ɗebar mata garin kunun nan, akwai jikar maƙwabciyarta da za a yaye bayan salla, ta kuma sa na maimaita mata awon sau biyu: uku, ɗaya, ɗaya. Ƙullin maɗacin ta ɗauke shi daga kan taga ta mayar bakin zane.

Sati uku bayan haka na mayar da yarinyar awo. Zare yana kore, nauyi ya ɗan ƙaru, aka ɗiga mata bitamin A tunda lokacinsa ya zagayo. Daren farko na azumi na tashi sahur, ina ɗumama tuwo a madafa, sai na ji motsi a bayana. Ta fito daga ɗaki da kanta, ido rabi a rufe, tana jan bargo a ƙasa. Na tsuguna na buɗe hannu, ta zo ta kwanta a ƙirjina, ta sa yatsu a wuyan rigata ta yi shiru. Sannan ta ɗago ta nuna saman kwando ta ce, "Nawa." Na miƙo mata jan kwanon, na ɗebi tuwo kaɗan na sa mata miya, ta zauna tsakanina da babanta muka yi sahur mu uku.